Mutanen da Ke Zaune a Gefen Raga

Assalamu alaikum. Tun da hoton nan ya zagaya wayoyi, na filin Memorial da ke garin Lincoln a jihar Nebraska, inda mutum 92,003 suka taru ranar 30 ga Agusta, 2023 don kallon 'yan matan jami'a suna buga ƙwallon raga, ƙanne da abokai na gida ba su bar ni na sha ruwa ba. Tambayarsu ɗaya ce. Waɗannan da ke jere a kan benci da riguna iri ɗaya, wani riƙe da allo, wani da kwamfuta a cinya, su wane ne, me suka karanta, ta wace ƙofa suka shiga? Ni ma a wannan bencin na ci shekaruna, a ɓangaren bidiyo da ƙididdiga na wata jami'a a Amurka. Nawa labarin ba shi da abin ji. Shaidar da zan bayar ta rayuwar masu sana'ar ce, kamar yadda muka san ta daga ciki.

Mu fara da wanda ya jagoranci 'yan matan a wancan dare, John Cook. Tarihi ya karanta a Jami'ar San Diego, burinsa kuwa ya horar da maza zari-ruga irin ta Amurka. Aikin da ya samu na koyar da labarin ƙasa ne a wata makaranta mai suna Francis Parker, aka ce masa sai dai fa ya haɗa da horar da 'yan mata, har da ƙwallon raga, wasan da a lokacin bai san kansa ba. Ya nemi littattafai, ya riƙa bin bita, ya shiga cikin waɗanda suka kafa kulob na yara a San Diego. Daga nan ya zama mataimaki a jami'a, har ya je Nebraska ƙarƙashin Terry Pettit a ƙarshen shekarun 1980. A 1992 yana cikin mataimakan kocin tawagar maza ta Amurka da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Barcelona, a shekarar kuma ya karɓi Wisconsin, ya riƙe ta kaka bakwai. Abin da ya yi a 1999 shi ne har yau ake ba matasa labari: ya ajiye kujerar shugabanci ya koma Nebraska a matsayin na biyu, bisa fahimtar cewa shi zai gaji Pettit. A 2000, shekararsa ta farko a kujerar, ƙungiyar ta buga wasa 34 ba a doke ta ba, ta ɗauki kofin ƙasa. Wadda ta doke a wasan ƙarshe Wisconsin ce, wato 'yan matan da yawancinsu shi ya je gidajensu ya ɗauko. Ya ƙara kofi a 2006, 2015 da 2017.

Shi kansa Pettit ɗin digirinsa na biyu a rubuta waƙe ne, daga Jami'ar Arkansas. Turanci yake koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a North Carolina kafin ya zo Nebraska a 1977, ya zauna har 1999, ya kawo mata kofinta na farko a 1995. Russ Rose, wanda ya riƙe Penn State daga 1979 zuwa 2021 ya ci kofi bakwai, shi ya buga wasan a kwalejin George Williams, amma abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne kundin digirinsa na biyu a Nebraska, wanda ya rubuta a kan ƙididdigar ƙwallon raga. Har ya yi ritaya bai daina zama a kan benci da littafi yana rubuta alƙalumansa da hannu ba, ko da yake akwai ma'aikaci da kwamfuta a bayansa. A hannunsa ƙungiyar ta ci wasa 109 a jere tsakanin 2007 da 2010.

Malamin labarin ƙasa, marubucin waƙe, mai lissafi. Ruwa ba ya tsami banza. A 1972 Amurka ta yi dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. Jami'o'i suka wayi gari dole su buɗe ƙungiyoyin mata, ga shi babu ƙwararrun masu horarwa a ƙasa, albashin kuma bai kai ya ja hankalin kowa ba. Duk wanda ya ce zai iya, sai a miƙa masa makullin ɗakin wasa da motar ɗaukar 'yan wasa, sau da yawa shi ne direban. Haka Mary Wise ta gama Purdue, inda take buga matsayin mai ɗaga ƙwallo, ta zama shugabar masu horarwa a Iowa State a 1981 tana da shekara 21. A shekarar ce kuma hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya gasar kofin mata. Wannan ƙofar ta rufe tuni. Yau ƙungiyoyin mata a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i, sun haura 330, kowace kujera kuma mutum da yawa ke layi a kanta.

Yanzu ta ƙasa ake shiga, ƙasan kuma iri uku ne zuwa huɗu. Akwai tsohuwar 'yar wasa da ta gama shekarunta huɗu, ko ta je Turai ko Puerto Rico ta buga na kuɗi kaka biyu ta dawo da gwiwa mai ciwo. Akwai ɗalibin da ya yi wa ƙungiya hidima yana karatu: tura keken ƙwallaye, ɗaura raga a tsayin mita 2.24, goge gumi a ƙasa, wankin riguna. Akwai samarin da ake ɗauka su riƙa buga atisaye da 'yan matan domin dukansu ya fi nauyi, tsallensu ya fi tsawo. Wannan hanyar ta fitar da mataimakan koci maza masu yawan gaske, saboda yaro yana shekara uku ko huɗu yana jin duk abin da koci ke faɗa, a gabansa ake gyara kowane kuskure. Sai kuma masu fitowa daga kulob da sakandare. Kelly Sheffield na Wisconsin daga nan ya fito. Bai buga wa wata jami'a ba. A garin Muncie na jihar Indiana ya fara da yaran makaranta da kulob ɗin Munciana, ya yi mataimaki a wurare, ya riƙe Albany daga 2001 zuwa 2007, Dayton daga 2008 zuwa 2012, sannan Wisconsin, inda ya ci kofi a 2021. Shekara ashirin ke nan daga kujerarsa ta farko zuwa kofi.

Matakin farko mai suna a takarda shi ne mataimaki ɗalibi: jami'a ta ɗauke maka kuɗin digiri na biyu, ta ba ka ɗan alawus da da ƙyar yake biyan haya, kai kuma ka ba ta shekara biyu na safiya da dare. Kafin 2023 akwai wani matsayi da ya fi wannan ɗaci, mataimakin sa-kai. Dokar NCAA a lokacin ta ce ƙungiya tana da koci uku masu albashi, babba da mataimaka biyu, sai na huɗu wanda jami'a ba ta da izinin biyansa. Abincinsa yana fitowa ne daga sansanonin horar da yara da ake yi a Yuni da Yuli, da darussan da yake ba 'ya'yan masu hali da yamma, wani kuma yana aikin gidan abinci da dare. An soke matsayin a Yulin 2023, aka mayar da shi kujerar da za a iya biya, waɗanda suka yi shi a baya ma sun kai NCAA kotu. A ganina an makara. Shekara da shekaru tsarin yana tace mutane ta aljihun iyayensu: wanda gidansu zai iya riƙe shi shekara biyu ba albashi ya tsaya, wanda ake jiran ya aiko da kuɗi gida ya tafi neman wani aikin, ko da ya fi kowa ido.

Bari in daɗe kaɗan a kan aikin bidiyo, don nan ne ƙofar da ta fi buɗuwa ga wanda ba shi da suna. Manhajar da aka fi sani ita ce DataVolley, daga Italiya ta fito, sai VolleyMetrics da kamfanin Hudl ya saya. Mai aikin yana zama a bayan fili, kyamara a sama tana kallon tsawon filin mai mita 18 da faɗin 9, yana buga lamba ga kowace taɓa ƙwallo yayin da ake wasan. Misali *07AH#. Tauraron yana nufin ƙungiyar gida, 07 lambar rigar, A hari ne, H ƙwallo ce da aka ɗaga sama sosai, alamar ƙarshe kuma tana cewa dukan ya ci maki. Da ta buga waje ko cikin raga, alamar = za a sa. Sabis S ne, karɓar sabis R, tarewa a raga B, ɗagawa E. Ana ƙara daga wane yanki ƙwallon ta tashi, a wane ta sauka. Musayar ƙwallo ɗaya tana iya cin lamba goma cikin daƙiƙa goma sha biyar, ido yana kan fili, yatsu suna aiki su kaɗai. Sabon hannu yana ɗaukar watanni yana koyo da tsofaffin bidiyo kafin a yarda ya yi kai tsaye.

Daga waɗannan lambobi ake fitar da abin da koci ke tambaya a lokacin hutu. Ingancin hari: a cire kurakurai daga dukan da suka ci maki, a raba da jimillar yunƙuri. Yarinya ta yi duka 30, 14 sun ci, 5 sun lalace, ke nan 9 a raba da 30, ta buga .300, ta yi kyau. Wata ta ci 18 amma ta zubar da 11 cikin 45, jama'a suna ta tafi, takarda kuma tana cewa ba ta kai .160 ba. Karɓar sabis ana auna shi daga 0 zuwa 3: uku idan mai ɗagawa tana da zaɓin duk maharanta, biyu idan zaɓin ya ragu, ɗaya idan dole ta jefa sama gefe guda, sifili idan sabis ya faɗi. Wadda matsakaicinta ya kai kusan 2.3 ana jin daɗinta. Sai babban ma'auni, kashi nawa cikin ɗari ƙungiya ke cin maki idan abokan karawa ne ke sabis. A manyan ƙungiyoyi, wadda ta kasa kai 60 tana cikin wahala. Duk wannan ana raba shi gida shida, domin 'yan wasa suna juyawa matsayi shida, kuma kowace ƙungiya tana da juyin da take rauni a cikinsa, yawanci wanda mai ɗagawa take gaba, maharan gaba suka rage biyu.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Na farko, a shigar da jerin farawa ba daidai ba. Kuskure ɗaya a nan, duk alƙaluman juyi shida na wannan zagayen sun tashi a banza, kuma ba za ka gane ba sai koci ya tambayi abin da idonsa ya gani takardarka ta musa. Na biyu, agogon lambobi da na bidiyo su saɓa da daƙiƙa biyu ko uku, sai kowane guntun bidiyo ya yanke kafin duka, ka kwana kana gyara da hannu. Na uku ya fi haɗari don ba ya kama da kuskure: a gina shiri a kan abu kaɗan. Ka ga maharbiya ta buga ƙwallo ta bin layin gefen fili sau huɗu cikin biyar a wasa ɗaya, ka rubuta cewa layi take bi, masu tarewa su rufe layi, ita kuwa ta yini tana zuba ƙwallo a kusurwa. Shi ya sa ake duba wasa uku zuwa biyar na baya-bayan nan, a kuma ware abin da take yi idan maki ya haura 20, don a nan mutum ke komawa ga abin da hannunsa ya saba. Na huɗu laifin ƙwazo ne. Matashi ya kwana ya haɗa shafi ashirin ya raba wa 'yan wasa. Yarinyar da ta fito daga jarrabawar sinadarai ba za ta riƙe fiye da abu biyu ko uku a kan kowace abokiyar karawa ba. Shafi ashirin na koci ne, na 'yan wasa ɗaya.

Kusa da mai bidiyo akwai daraktan gudanarwa, wanda ba a ganin aikinsa sai ranar da ya lalace. Jirgi, bas, otal, abincin da za a ci awa uku da rabi zuwa huɗu kafin wasa, wasiƙun neman uzuri ga malaman aji, takalma da matashin gwiwa, rasit na kowace dala. Tun da USC, UCLA, Oregon da Washington suka shiga gasar Big Ten a 2024, ƙungiya tana iya tashi daga Los Angeles ta je buga wasa a New Jersey, bambancin agogo awa uku. Wanda ya tsara atisaye da abinci da agogon gida, 'yan wasansa za su shiga fili jikinsu yana cewa lokacin barci ne ko lokacin karin kumallo. Masu wannan kujera yawanci sun karanta harkar gudanar da wasanni, ko tsofaffin masu hidimar ƙungiya ne. Wasu daga nan suke tsallakawa zuwa horarwa, wasu su haura ofishin daraktan wasanni na jami'a, inda albashi ya fi kuma ana kwana a gida.

Mai kula da rauni da mai horar da ƙarfin jiki su ba a shiga nasu da sanayya kawai. Na farko sai da takardar shaidar hukumar sana'arsu da lasisin jiha, yanzu ma sai da digiri na biyu. Na biyu sai da shaidar ƙwarewa a horar da ƙarfin jiki, irin wadda ake kira CSCS. Ciwukan wasan uku ne suke maimaituwa: gurɗewar idon sawu idan mai tsalle ta sauka a kan ƙafar wata a ƙarƙashin raga, ciwon jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa saboda yawan tsalle, da kafaɗa saboda duka. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke ɗaura wa 'yan wasa 'yar na'ura a ƙugu tana ƙirga tsalle. Lokacin da aka fi samun matsala shi ne makonnin farko na Agusta, yarinya ta dawo daga hutu, a sa ta atisaye sau biyu a rana, tsallenta ya ninka cikin mako guda. Gwiwar ba ta kuka a lokacin, sai Oktoba, ana tsakiyar gasa. A ƙa'ida maganar likita da mai kula da rauni ce ta ƙarshe a kan ko yarinya za ta buga, kuma koci nagari ba ya ja.

Mataimakin koci cikakke, rabin aikinsa a fili yake, rabi a hanya. A fili ana raba musu: wannan ya riƙe masu ɗagawa da tsarin hari, wancan tarewa da tsaron baya. Doka ta ƙayyade awa 20 a mako a lokacin kaka, kada a wuce huɗu a rana, da hutun kwana ɗaya, ranar wasa kuma ana lissafa ta awa uku komai tsawonta. Bayan kaka awa takwas ne. Don haka atisaye na awa biyu da rabi a rubuce yake minti-minti. Dokokin wasan ma ba sa zama wuri ɗaya: a 2001 aka koma kowace musaya tana da maki, a 2002 aka shigo da libero, wato 'yar tsaron baya mai riga daban, a 2008 zagaye ya sauko daga maki 30 zuwa 25, ga canji 15 a kowane zagaye wanda ya sa wasan jami'a ya bambanta da na duniya, inda aka saba da canji shida. Wanda ya zo daga waje da ilimin canji shida sai ya sake koyon lissafin benci.

Hanya kuwa ita ce farautar 'yan wasa, kuma da ita ake auna mataimaki. Daga Janairu zuwa farkon Yuli kulob-kulob na 'yan mata suna gasa a manyan zaurukan taro, fili fiye da ɗari a ƙarƙashin rufi ɗaya, usur yana tashi ta ko'ina. Mataimaki yana tsaye daga takwas na safe da jerin sunaye a waya, yana ba kowace yarinya minti goma sha biyar zuwa ashirin. Tsawo da tsalle kowa yana gani; maharbiyar da hannunta ke taɓa ƙafa 10, wato kusan santimita 305, kowa ya rubuta sunanta. Gwani yana kallon abin da ya rage: ƙafafunta kafin ƙwallo ta iso, fuskarta bayan ta zubar da maki biyu a jere, yadda take tsayawa idan an fitar da ita, yadda take amsa wa mahaifiyarta a bakin fili. Tun 2019 ba a yarda koci ya yi magana da yarinya ba sai 15 ga Yuni bayan ta gama shekara ta biyu cikin huɗu na babbar sakandaren Amurka, domin a da har 'yan shekara 13 da 14 ake sa su yi alƙawari. Ranar nan wayoyi suna fara ƙara tun tsakar dare. An daɗe ana da guraben tallafin karatu 12 ga kowace ƙungiya; bayan sulhun kotu na 2025 tsakanin NCAA da 'yan wasa, jami'o'in da suka shiga tsarin suna da iyakar 'yan wasa 18 kuma suna iya ba kowacce tallafi. Ƙara da rumbun da 'yar wasa ke shigar da sunanta idan tana son sauya makaranta, wanda aka buɗe a 2018, da izinin 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu tun 2021. Yanzu mataimaki yana farautar na waje, yana kuma lallashin na gida kada su tafi.

Sauyin aiki a Disamba yake. Ana gama kaka a ƙarshen Nuwamba, ƙungiya 64 su shiga gasar kofi, sauran kuma daraktocin wasanni su fara sallama. Ƙungiyar masu horarwa ta AVCA tana yin babban taronta a garin da ake buga wasannin ƙarshe, a mako guda, kuma a barandar otal ake ɗaukar rabin ma'aikata. Takardar neman aiki tana da amfani, amma kiran waya ɗaya daga kocin da ka yi wa aiki ya fi ta nauyi. Shi ya sa za ka ga zuriya: Craig Skinner, wanda ya ci wa Kentucky kofin kakar 2020, ɗan Muncie ne kuma ya yi wa Cook mataimaki a Wisconsin da Nebraska. Ɗaya gefen kuma, kwantiragin mataimaki yawanci na shekara ɗaya ne. Idan aka kori babba, ko ya samu wuri mafi kyau bai tafi da kai ba, kai da iyalinka kuna neman mota ta kwashe kaya a tsakiyar hunturu. Mutum ya zauna jiha biyar cikin shekara goma ba abin mamaki ba ne. Aure da yawa sun ji jiki a nan, mata da yawa kuma a nan suke ajiye sana'ar, daidai shekarun haihuwa, wanda yana cikin dalilan da suka sa maza suka fi yawa a manyan kujerun wasan da mata ke bugawa.

Wanda ya samu kujerar babba kuma yakan tarar aikin ba wanda ya sani ba ne. Kasafin kuɗi, cin abinci da masu ba da gudummawa, 'yan jarida, iyaye, sakamakon karatun 'yan wasa wanda idan ya faɗi ƙasa da ma'auni ana iya hana ƙungiya shiga gasar kofi, ga dokar da ta ce duk laifin da mataimakinka ya yi a kanka yake. Sabon shugaba da ya fi faɗuwa shi ne wanda ya ƙi sakin aikin mataimaki, yana yanka bidiyo da kansa ƙarfe biyu na dare, ya ɗauko abokansa maimakon waɗanda suka iya abin da bai iya ba.

Masu tambayata daga gida, musamman waɗanda suka buga wa jami'arsu a wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, ko suke riƙe da shaidar horarwa ta hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, mataki na ɗaya ko na biyu: shaidar ilimi ce mai kyau, amma jami'ar Amurka digiri na farko take fara tambaya. Hanyar da ta fi yiwuwa ita ce neman gurbin digiri na biyu haɗe da matsayin mataimaki ɗalibi, a ƙananan makarantu na rukuni na biyu, na uku, ko na NAIA, wata hukumar daban ta ƙananan kwalejoji, inda koci ɗaya da mataimaki ɗaya ke yin duk ayyukan da na lissafa. Bizar ɗalibi tana ba da damar aikin shekara ɗaya bayan kammalawa, daga nan sai jami'a ta yarda ta nema maka bizar aiki, ba kowacce ke yarda ba. Wanda ya iso ya riga ya iya buga lambobin DataVolley, zai iya tura wasa guda da ya yi wa lamba da rahoton shafi ɗaya, ya sha gaban wanda ya turo hotunan kofuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Katie Schumacher-Cawley 'yar Chicago ce. Ta buga wa Rose a Penn State, tana cikin waɗanda suka ci kofin 1999, har ƙwallon kwando ta buga wa makarantar. Ta koma garinsu ta yi shekara shida tana mataimakiya a Jami'ar Illinois ta Chicago, takwas tana shugaba, wurin da ba kyamara ba taro. Ta yi kaka ɗaya a Jami'ar Pennsylvania a 2017, sannan ta yi irin abin da Cook ya yi: ta sauka daga shugabanci ta koma mataimakiyar Rose a 2018, ta gaje shi a 2022. A kakar 2024 aka gano tana da sankarar mama. Ta ci gaba da zuwa atisaye tana karɓar magani, tana tsayawa a gefen fili da ɗankwali ko hula a kai. A wasan kusa da na ƙarshe Nebraska ta ci Penn State zagaye biyu na farko, suka dawo suka cinye uku. Ranar 22 ga Disamba, 2024 suka doke Louisville da 3 da 1 a cikin garin Louisville, ta zama mace ta farko da ta ci kofin rukuni na ɗaya a matsayin shugabar masu horarwa, shekara 43 bayan fara gasar. Kafin ita Mary Wise ta kai Florida wasan ƙarshe a 2003 da 2017 ba ta samu ba.

A ɗaya bencin a wannan rana ma mace ce, Dani Busboom Kelly, wadda ta buga wa Cook a matsayin mai ɗagawa, ya mayar da ita libero a shekarar da suka ci kofin 2006. Ta yi mataimakiya a Tennessee da Louisville, ta dawo ta yi masa shekara biyar, ta karɓi Louisville a 2017. Wasan da Penn State ta juya wa Nebraska shi ne na ƙarshe da Cook ya jagoranta. A ƙarshen Janairun 2025 ya sanar da ritaya, a ranar kuma jami'ar ta bayyana Busboom Kelly a matsayin wadda za ta zauna a kujerarsa.